Darasin Kara-Kara ga masu kyamara a Wudil

A gefen birnin Damagaram akwai unguwar da ake kira Kara-Kara. Tun asali wuri ne da aka ware wa kutare, jikokinsu kuma suka taso babu makaranta, babu aikin yi. Matasan wurin sun haɗu ƙungiya-ƙungiya, kwatankwacin 'yan dabarmu na Kano. A nan Aicha Macky, 'yar asalin garin, ta ɗauki fim ɗinta mai suna Zinder, wanda aka fara nunawa a bikin finafinai na Visions du Réel da ke ƙasar Suwizalan a 2021. Babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, kuma da Hausa mutanen ke magana. Ana ganin ƙartin samari suna ɗaga ƙarfe a ƙarƙashin tutar Hitler, sunan da suka laƙaba wa ƙungiyarsu, shugabansu yana neman ya mai da su kamfanin gadi don su ci halal. Ga tsohon ɗan daba da ya tuba ya koma haya da babur, ga mai safarar fetur daga iyakar Najeriya.

Irin wannan fim ba ya mayar da kuɗi yadda na Kannywood ke yi. Furodusa a Kano yana zuba jarinsa ne da lissafin abin da zai dawo daga YouTube ko gidan talabijin. Wanda zai shekara yana bin mutane da kyamara, bai san ranar da labari zai nuna ba, ba shi da wannan lissafin. Shi ya sa aka kafa asusun tallafi a wurare da dama: IDFA Bertha Fund a Amsterdam, Hot Docs-Blue Ice a Toronto wanda aka keɓe wa 'yan Afirka tun 2011, da JustFilms na Gidauniyar Ford a Amurka, mai ba da ƙarfi ga finafinan neman adalci. Ba bashi ba ne, amma kuma ba sadaka ba ce. Daki-daki ake bayarwa, na bincike daban, na ɗauka daban, na tacewa daban, kuma a kowane mataki sai ka kawo rubutaccen bayani, da kasafi, da ɗan guntun hoton da zai nuna cewa mutanen sun yarda da kai.

Wannan yarda ita ce jarin Aicha. Ilmin zamantakewa ta karanta a Yamai kafin ta koyi aikin fim, har ta je Saint-Louis a Senegal ta ƙaro. Fim ɗinta na 2016, L'Arbre sans fruit, a kan rashin haihuwa ne da gorin da mace ke sha, ta kuma fara da kanta kafin ta juya kyamara ga wasu matan. Ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a shekarar. Saboda haka lokacin da ta doshi Kara-Kara tana da abin nunawa, tana kuma da kamfaninta, Tabous Production, wanda ya zauna teburi ɗaya da kamfanonin Faransa da Jamus, tashoshin Arte da Al Jazeera suka shigo. A ganina mallakar kamfanin nan ta fi kyautar muhimmanci, domin mai kamfani yana da baki a kan abin da za a yanke da abin da za a bari.

To mu dawo Wudil. Wanda ya tsaya a kan gada da safe zai ga masu yashi a kwale-kwale, mutum ya nutse da bokiti ya taso, ya juye, ya sake komawa, motocin tifa na jira a bakin ruwa don su kai Kano a yi gini. Nawa ake biyan mai nutso, nawa ake sayar da tifa a birni, wa ke ɗaukar nauyinsa in ƙirji ya kama shi? Fim guda ke nan. Ga masunta da manoman fadama, waɗanda ruwansu ke hannun masu buɗe madatsun Tiga da Challawa. Ga kasuwar kara ranar Juma'a, inda shanu ke cika tireloli zuwa kudu, a bar yaran da suka yini suna kora da 'yan canji. Labari dai ba mu rasa ba, wayoyi masu kyamara kuma sun cika gari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zama ya rubuta shafi goma da Turanci mai ma'ana, ya tsara kasafi, ya jure a ƙi shi ya sake nema.

Sai dai a yi hattara. Mai ba da kuɗi daga waje yana da abin da idonsa ke so, sau da yawa talauci ne da tashin hankali, kuma yaro mai neman tallafi zai iya tallata asirin maƙwabcinsa don ya burge alƙalan da ba su taɓa taka Wudil ba. Idan mai nutso ya ga kansa a allo ya sunkuyar da kai don kunya, an zalunce shi a karo na biyu, ko da fim ɗin ya ci kyauta a Turai. A gaya masa inda hoton zai je, a nuna masa kafin a nuna wa duniya.

'Yan Kenya sun rage wannan matsala da suka kafa asusunsu, Docubox, a Nairobi ƙarƙashin Judy Kibinge, inda masu tantancewa suka san ƙasar da mutanenta. Mu ma ba sai mun jira Amsterdam ba kafin a fara. Jami'ar Aliko Dangote tana nan Wudil, attajiran kara suna nan. Kuɗin bijimi biyu ya isa a ɗauki matasa kaɗan a koya musu rubuta takardar neman tallafi, su fito da hoton minti goma a kan masu yashi. Hukumar jami'a da shugabannin kasuwa, ku zauna ku duba wannan magana kafin damina ta gaba.