Kafin a Miƙa wa Ɗan Kwangila Mabuɗin Gidan Yari

Tun da aka gyara tsarin mulki a 2023, jihohi sun sami ikon kafa nasu gidajen yari. Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wannan magana tamu ce. A yankin da 'yan bindiga suka addaba kame ba ya ƙarewa, kuma cikin waɗanda ake tsarewa akwai mai laifi, akwai wanda tsautsayi ya rutsa da shi. Ga shi kuwa kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin ƙasar nan jiran shari'a suke yi.

Duk ranar da gwamnatin Katsina ta tashi yin wannan aiki, 'yan kwangila za ta kira, ko don gini, ko don abinci, ko don kula da gidan gaba ɗaya. To, a takardar gayyatarsu ake yanka ta tashi. Abin da ba a rubuta a cikinta ba, ɗan kwangila ba zai yi shi don Allah ba.

Shin mun manta cewa a 2023 shugaban hukumar gidajen yari ya shaida wa Majalisar Dattawa ana ciyar da fursuna da naira 750 a rana, karen hukumar kuwa naira 800? Daga cikin wannan ɗan abin mai kawo abinci ke cire ribarsa. A Amurka kuma an ɗaure wani alƙalin jihar Pennsylvania shekara 28 a 2011, saboda ya karɓi kuɗin masu gidan tsare yara yana ta aika musu 'ya'yan mutane. In dai yawan ɗaurarru ne riba, wa zai so a saki kowa?

Saboda haka ga sharuɗɗanmu. A buga takardar da Hausa, a karanta ta a rediyo. A faɗi mudu nawa na hatsi, sabulu nawa, sau nawa likita zai zo. Kada a yi wa kowa alkawarin cika masa ɗakuna. Alƙalai da malamai su shiga dubawa ba tare da sanarwa ba. Wanda ya saɓa, a ƙwace kwangilar. Ikon horo da saki kuwa ya tsaya a hannun hukuma.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ke ciki yau ɗan wani ne, gobe ba mu san ko ɗan wa ba.