KWANA UKUN NUMBE: ADALCI DAGA GIDA YAKE FARAWA

A shekarar 1962 marubucin nan na Senegal, Usman Samben, ya fitar da littafinsa na gajerun labarai mai suna Voltaïque. Samben ya rasu a 2007, amma duk magidancin da ya buɗe littafin yau, ko a Maraɗi yake ko a Damagaram, sai ya ga kamar a bayan katangarsa aka tsaya aka rubuta shi.

Labarin da ya fi tsaya wa mai karatu a zuciya shi ne na Numbe, mata ta uku ga wani magidanci, Mustafa. Kwananta uku sun zo, ga ciwon zuciya na damunta, amma ta yi gyara, ta yi girki, ta zuba ido ga ƙofa. Rana ta faɗi, wata ta fito, maigida yana can wajen amarya. Sai da kwanakin suka zo ƙarewa ya shigo tare da abokansa, babu ko neman gafara. Da ta nuna fushinta, sai mazan suka ɗora laifin bisa wayewar matan zamani.

Babu gawa cikin wannan labari, amma akwai rashi. Numbe ta yi takaba alhali mijinta yana raye. Marubucin bai kuma wanke ta ba: ya tuna mana cewa lokacin da take ƴar gaban goshi, ita ma an danne kwanan kishiya saboda ita. Ashe zalunci juyi ne, wanda ya ci moriyarsa jiya shi zai sha ɗacinsa gobe.

Haka zancen yake ga Nafi, yarinyar da aka ruɗa da hoto aka aurar da ita ga tsoho a Marseille, ta ƙare cikin ɗaki guda tana rubuta wasiƙu.

To, mi ya shafi Nijar? Tun farkon shekarun 1990 aka yi ta jayayya bisa kundin dokar iyali, malamai na faɗa, ƙungiyoyin mata na faɗa, ƴan siyasa na tsoron ƙuri'a, har aka jingine shi. Amma haƙƙin kwana bai jira majalisar dokoki ba. Aya ta 3 ta Suratun Nisa'i ta riga ta gindaya adalci ga mai son ƙara aure. Ɗan kasuwar da riba ta shigo masa, da ma'aikacin da ya samu ƙarin girma, sun san ayar sarai, sai dai rabinta na farko suke riƙewa.

Mutumin da ya kasa raba kwana tsakanin mata huɗu, ƙaƙa za a ba shi amanar raba dukiyar ƙasa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane magidanci ya duba nasa tun kafin damina ta sauka.