Tsada Ba Shaidar Gaskiya Ba Ce: Batun Na'urar Auna Ƙarfin Mai Keke

Wata al'ada ta yi kaka-gida a kasuwar kekunan tsere. Mai neman na'urar auna ƙarfi yakan dubi farashi da sunan kamfani, ya ga an rubuta a kwali cewa kuskurenta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, sai ya zare kuɗi hankali kwance. Wannan al'ada ta cancanci a yi watsi da ita, domin tana sa mutane biyan kuɗin suna alhali abin da suke nema shi ne ma'auni.

Tun da Ulrich Schoberer ya kafa kamfanin SRM a Jamus a 1986, tushen aikin bai canza ba. Ana manna wasu ƙananan ma'aunai a jikin feda ko hannunta, su ji 'yar lanƙwasar da ƙarfe ke yi idan an taka, a haɗa wannan da saurin juyawa, a fitar da adadin wat. Da wannan adadi mahayi ke tsara atisayensa na watanni. Idan adadin ya yi ƙarya, shirin duka ya tashi a banza.

Masu kare tsada sukan ce babban kamfani ba ya wasa da sunansa. Shimano, wanda babu kamarsa wajen ƙera kayan keke, ya fitar da na'ura a jerin Dura-Ace mai tsada, amma masu gwaji masu zaman kansu irin su Ray Maker da Shane Miller sun nuna cewa ɓangarenta na dama yana ba da lissafin da bai daidaita ba. A ɗaya gefen, fedar Assioma ta kamfanin Favero na Italiya, wadda ba ta kai manyan takwarorinta tsada ba, ta yi suna wajen daidaito, ga sauƙin cirewa daga wannan keke zuwa wancan.

Haka kuma ake raina na'urar ƙafa ɗaya, wadda ke auna ƙafar hagu ta ninka biyu. Gaskiya tana da aibi: mahayin da ke fitar da wat 250, idan hagunsa na ba da kashi 48 cikin 100, zai ga 240. To amma muddin wannan giɓi bai sauya ba daga yau zuwa gobe, zai ga ci gabansa sarai. Ƙungiyar Team Sky ta rungumi irin wannan na'ura ta kamfanin Stages a 2014, kuma Chris Froome ya lashe gasar Tour de France a 2015. Ma'aunin da ke rage tiya kullum da adadi ɗaya ya fi wanda ke cika ta yau ya rage gobe.

Abin da kwali ba ya faɗa shi ne tsawon ran kamfani. SRAM ya sayi PowerTap a 2019, ya daina ƙera kayansa a 2021. Stages ya dakatar da aiki a Afrilun 2024, kafin Giant ya sayi kadarorinsa. Wanda na'urarsa ta lalace a irin wannan tsakani ya san ma'anar maraici, balle mahayin Kano ko Abuja da ya yi odar tasa da dala, kuma babu mai gyara a kusa.

Saboda haka tambayoyin da suka wajaba uku ne. Shin tana maimaita lissafinta kullum, har idan sanyin asuba ya koma zafin hantsi, tunda ƙarfe yana motsi da yanayi? Shin wasu da ba sa cin albashin kamfanin sun gwada ta kusa da wata? Wa zai gyara ta bayan shekara biyar? Na'urar da ta kasa amsa waɗannan, ko nawa aka saye ta, ado ce kawai a jikin keke.