Wanda Ba Shi Da Addini, Ba Shi Da Halin Kirki Ke Nan?

A ƙasarmu idan aka so a gama da mutum, ba sai an kira shi ɓarawo ko maƙaryaci ba. Abin da a kan ce shi ne, "Wane ba ya tsoron Allah." Da an faɗi haka, shi ke nan, ba mai ba shi bashi, ba mai ba shi ajiya, balle a ba shi 'ya. To, in wannan ne hukuncin wanda a ke yi wa zato kawai, ina ga mutumin da ya fito fili ya ce shi bai yarda akwai Allah ba? Yawancinmu mun ɗauka ba abin da zai hana irin wannan mutum sata ko kisan kai sai tsoron ɗan sanda.

Ni Kirista ne, a makarantar mishan na tashi, ban kuwa yarda da ra'ayin mutanen nan a kan Allah ba. Amma cewa da a ke yi ba su da halin kirki, wannan ba gaskiya ba ce, kuma bai kamata mu da za mu tsaya gaban yara da alli a hannu mu riƙa koyar da abin da ba gaskiya ba.

Da fari bari mu san ko su wane ne. Ba masu addinin gargajiya na ke nufi ba, don su suna da abin da su ke bauta wa. Ina nufin waɗanda suka ce ba su ga dalilin gaskata akwai Allah ko lahira ba, musamman waɗanda a ke kira masu ra'ayin mutuntaka. A cikin shekarar 1952 wakilansu daga ƙasashe dabam dabam suka taru a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, suka kafa ƙungiyarsu ta duniya. Wanda ya shugabanci taron shi ne Julian Huxley, masanin halittu, mutumin da ya fara riƙe shugabancin UNESCO a 1946. Abin da suka tsaya a kai gajere ne. Sun ce kowane ɗan Adam yana da daraja, ko mene ne launinsa ko asalinsa. Sun ce a bi hankali da bincike wajen neman gaskiya, kada kuma a tilasta wa kowa bin addini ko barinsa. Tun da ya ke a ganinsu ran nan ɗaya ne tak, ba wani bayansa, sai suka ce wanda ke jin yunwa yau, yau za a ba shi abinci, kada a ce masa ya yi haƙuri sai lahira.

Magana dai ba ta da wuya, a aiki a ke gane mutum. Ku dubi Charles Bradlaugh na Ingila. A 1880 mutanen Northampton suka zaɓe shi ya wakilce su a Majalisar Dokoki. A lokacin, sai wakili ya yi rantsuwa da sunan Allah kafin ya zauna. Da ya yi shiru ya ɗauki Littafi kamar kowa, da ba wanda zai tare shi. Sai ya nemi a bar shi ya yi alkawari da bakinsa kawai, domin kowa ya san bai gaskata ba. Aka ƙi. Da ya ce to zai yi rantsuwar, aka ce ai rantsuwarsa ba ta da ma'ana, aka sake ƙi, har aka taɓa tsare shi. Mutanensa suka yi ta sake zaɓensa, Majalisa tana ta korarsa, bai sami zama sosai ba sai a 1886. A 1888 aka yi dokar da ta yarda mutum ya yi alkawari maimakon rantsuwa. Yanzu ku gaya mini, tsakaninsa da mai shaidar zur da ya ke sumbatar Littafi Mai Tsarki a kotu don an ba shi 'yan kuɗi, wa ya fi girmama gaskiya?

Kada wani ya ce ai wannan labarin Turawa ne. Mu ma muna da namu, kuma malami ne irinmu. Tai Solarin mutumin Ikenne ne a ƙasar Yarabawa. Shi ma a hannun mishan ya yi karatu, a Kwalejin Wesley ta Badun, ya shiga sojan sama na Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya yi jami'a a can. Da ya komo gida aka ba shi shugabancin Kwalejin Molusi a Ijebu-Igbo a 1952. Hukumar makarantar tana son a riƙa yin addu'a da waƙoƙin ibada, shi kuwa bai yarda a tilasta wa yara ba. Maimakon ya riƙa rufe ido a gaban yara yana motsa baki don albashi, sai ya bar aikin. A watan Janairu 1956 shi da matarsa Sheila suka buɗe makarantar Mayflower a garinsu.

A wannan makaranta yara da hannunsu su ke noma abincinsu, da su a ke yin ginin ɗakunan, shugaban makaranta kuwa yana cikinsu da gajeren wando da taguwar kaki, ba ya tsayawa a inuwa yana nuni da sanda. Abin da ya ke cusa musu shi ne, kada su raina aikin hannu, kada su jira wani ya yi musu abin da za su iya yi wa kansu. An san shi da ɗauke gawawwakin da aka yasar a bakin hanya, waɗanda masu wucewa ke toshe hanci su kauce musu. A 1974 da Janar Gowon ya janye alkawarin mayar da mulki ga farar hula, Solarin ya rubuta takarda ya soki abin, aka tsare shi. A 1984 sojoji suka sake kulle shi, ya fi shekara ɗaya a tsare. Ya rasu a 1994, a 2005 kuma aka kafa jami'ar horar da malamai a Ijagun, kusa da Ijebu-Ode, da sunansa. Mu da aka koya mana labarin Basamariyen kirki tun muna aji ɗaya, mu tambayi kanmu, a cikin labarin nan wa Solarin ya yi kama da shi?

Haka kuma Leo Igwe, wanda ya kafa ƙungiyar masu ra'ayin mutuntaka ta Nijeriya a 1996. Ya daɗe yana kare yara da tsofaffin mata da a ke yi wa ƙazafin maita, a doke su, a kore su daga gida. A 2009 a Kalaba wasu suka afka wa taron da aka shirya a kan wannan magana, suka ci masa mutunci, bai fasa ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da kalmar "mayya" ke yi wa tsohuwar da ba ta da gata.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce to Stalin na Rasha fa, wanda ya rushe majami'u da masallatai, ya hallaka mutane masu ɗimbin yawa? Gaskiya ne, rashin addini ba ya mai da mutum nagari, a cikinsu akwai mugaye. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Turawan da suka yi ta jigilar bayi daga gaɓar tekunmu zuwa Amurka, ai yawancinsu an yi musu baftisma. In ba mu yarda a auna addininmu da waɗannan ba, kada mu auna Solarin da Stalin.

Inda na rabu da su shi ne wajen asalin abin. Su sun ce tausayi da gaskiya daga hankalin ɗan Adam da zaman tare suka fito. Ni na ce Allah ne ya dasa lamiri a zuciyar kowa, har wanda bai san shi ba. A bakin kabari kuma ina da ta'aziyyar da ra'ayinsu ba zai iya ba ni ba. Wannan gardama ce da za mu iya yi da su cikin ladabi, ba tare da mun musanta alherin da idonmu ya gani ba.

To, 'yan'uwana malaman gobe, ga abin da na ke roƙonku. In yaro ya tambaye ka don me ƙarya ba ta da kyau, kada ka tsaya ga cewa za a ƙone shi a wuta. Nuna masa yadda ƙaryarsa ta sa aka yi wa ɗan'uwansa bulala a kan laifin da bai yi ba. Yaron da tsoro kaɗai ke riƙe da shi, ran da tsoron ya kau sai ya ɓalle. In kuma wani almajirinka ya zo da tambaya mai wuya a kan addini, kada ka kunyata shi a gaban aji, ka zauna da shi ka amsa iyakar saninka. Wanda duk aiki ya haɗa ka da shi, Kirista ne, Musulmi ne, ko marar addini, ka duba yadda ya ke riƙon amana da yadda ya ke yi wa na ƙasa da shi, sa'an nan ka yanke masa hukunci.

Allah ya ba mu ikon yi wa kowa adalci, amin.