FILIN LAFIYA: Gajiyar Aiki ce ko Ƙarancin Sinadarin Maza?

A ƙasar Gangara, cikin gundumar Gazawa, watan Yuli da na Agusta su ne lokacin da aiki ya fi yawa, abinci kuma ya fi ƙaranci. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Magidanci yakan fita da hauya tun da asuba, ya gama noman fari ya koma maimai, ga gonar wake, ga ta gujiya. Makiyayi kuwa bazara ce lokacin wahalarsa. Yakan yini yana jan ruwa a rijiya, da dare ya bi dabbobi neman ciyawa.

A irin wannan lokaci maza da yawa sukan ji jikinsu ya mutu. Ba ƙarfi, ba walwala, ba sha'awar iyali. Kunya takan hana su faɗi. Wani ya ce sammu aka yi masa. Wani ya zargi matarsa, har aure ya lalace. Wani ya sayar da akuya ya sayi maganin ƙarfin maza. Alhali akwai abu biyu da ke kawo wannan hali, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Kama da wane ba wane ba ce.

GAJIYAR AIKI

Akwai gajiyar yini guda, wadda barcin dare yake ɗaukewa. Akwai kuma gajiyar da ta taru wata da watanni, ta haɗu da damuwa: bashi, tsadar taki, ruwan da ya ɗauke, bakunan da ke jiran tuwo. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamunta uku. Ƙarfin mutum yakan ƙare. Yakan tsani aikin da a da yake so. Aikinsa kuma ba ya yin kyau kamar da. Hukumar ta ce wannan hali ne da nauyin aiki ke jawowa, ba ta sa shi cikin jerin cututtuka ba.

Ana gane wannan gajiya da cewa tana bin aiki. In aiki ya yi sauƙi, aka samu barci, sabon hatsi ya shigo gida, jiki yakan dawo a hankali, sha'awar iyali ma ta dawo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

ƘARANCIN SINADARIN MAZA

Cikin jinin kowane namiji akwai wani sinadari da likitoci ke kira testosteron. Ƴaƴan maraina ne suke yin sa. Shi ne ke buɗe muryar saurayi, ya fitar masa da gemu, ya ƙarfafa tsoka da ƙashi, ya kawo sha'awa da haihuwa. Bayan shekara 40 yakan ragu kaɗan kaɗan, kamar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Wannan ba ciwo ba ne, girma ne.

Amma akwai wanda nasa yake faɗuwa ƙwarai. Ga alamun da suka fi nuna haka:

1. Sha'awar iyali ta ɗauke tsawon watanni, ko da mutum ya huta ya ƙoshi.
2. Gaba ya daina tashi da asuba kamar yadda ya saba.
3. Gemu da gashin jiki sun ragu.
4. Ƴaƴan maraina sun ƙanƙance, ko ƙirji ya fara kumbura kamar nono.
5. An daɗe da aure babu haihuwa.

Abubuwan da kan jawo shi sun haɗa da hangum in ya kama balagagge ya sauka maraina, da rauni a wurin, da ciwon sukari, da ƙiba mai yawa, da doguwar jinya. Shi wannan ba ya bin damana ko rani. Kaka za ta zo ta wuce, yana nan.

TARKON TRAMOL

Wasu samari da ƴan ƙwadago sukan sha Tramol don kada su ji gajiya a gona. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo kawai take yi. Tana cikin dangin magungunan da ke rage sinadarin maza in aka daɗe ana shan su, tana kuma iya jawo farfaɗiya. Ƙarancin barci da yunwa su ma suna rage sinadarin, domin jiki ya fi yin sa lokacin barci. Ke nan mutumin da gajiya ce kawai ke damun sa, in ya riƙe ƙwaya ya bar hutu, zai iya jawo wa kansa ciwo na biyu.

Haka kuma maganin ƙarfin maza na kan tebur. An sha samun ƙwayar bature a ɓoye cikin irin waɗannan magunguna, kuma tana da hatsari ga mai ciwon zuciya. Allurar testosteron ita ma ba abin wasa ba ce. In aka yi wa wanda ba ya bukata, takan tsayar da ƙwayoyin haihuwarsa, ta kuma sa jini ya yi kauri.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da fari a je likita mafi kusa, a faɗa wa malamin likita gaskiya, har da ƙwayar da ake sha. Aikinsa ya hana shi fallasa sirrin mara lafiya. Zai fara duba abubuwan da suka fi yawan kashe jiki a ƙauye: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, tsargiya, tsutsar ciki, tarin fuka da ciwon sukari.

In alamun nan biyar ne suka fi fitowa, sai ya ba da takarda zuwa babban asibiti, kamar na Maraɗi. Ba a gane ƙarancin sinadarin da ido, sai da awon jini. Ana ɗibar jinin da safe, tsakanin ƙarfe 7 da ƙarfe 10, kafin a karya kumallo, domin lokacin ne sinadarin ya fi yawa. Awo ɗaya bai isa ba, sai an maimaita wata rana. Ba a kuma yin sa cikin zazzaɓi.

Wanda duk ya ga hatsi ya shiga rumbu, ya huta wata ɗaya ko biyu, amma jikinsa bai dawo ba, to ya je likita kafin ya ɗaura kayan cin rani. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan fili.