Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Raɗɗa Kan Wurin Shaƙatawa A Funtua Da Malumfashi

Mai girma Gwamna, Allah ya taimake ka.

Duk Sallah, magidancin Funtua ko Malumfashi da ke son faranta wa 'ya'yansa sai ya cika mota zuwa gidan zoo na Audu Bako a Kano, ko ya nufi birnin Katsina. Kuɗin masara da audugar da muka noma can suke ƙarewa. Marar hali kuwa, yaransa yawon Sallah kawai suke yi a bakin titi, cikin ƙura da babura.

Ga dam ɗin Mairuwa a gefen Funtua, ga na Malumfashi. Ruwa da fili sun samu, gyara ya rage a mai da su wurin shaƙatawa.

Na saurari mutane, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Yara lilo suke so da ƙaramin jirgin ƙasa. Samari na maganar kwale-kwale da filin ƙwallo. Iyaye mata sun fi kowa hange: inuwa, masallaci, bayan gida mai tsabta, ɓangaren mata, da katanga mai masu gadi, domin kowa ya san halin tsaron yankin nan. Nasu nake goyon baya. Injinan da ke wulwula mutum sama su jira tukuna. Ba wuta tsayayya, ba makanikin da zai riƙa duba su, haɗari ne. Kwale-kwalen ma kada a sa shi a ruwa sai da rigar ceto.

A fara kaɗan, ranka ya daɗe, a kuma sa kuɗin shiga daidai aljihun manomi.

Naka,
Wani uba daga Funtua