Sinimar da Muka Rufe wa Ƙofa Ta Shigo Ta Aljihu

 

Duk wanda ya ratsa kasuwar hatsi ta Dawanau bayan sallar Isha'i a lokacin kaka, sa'ad da manyan motoci ke jiran lodin riɗi da wake da dawa, zai tarar da 'yan dako da yaran mota sun yi gungu-gungu a kan buhuna, kowane gungu da hasken waya ɗaya a tsakiyarsa. Haka abin yake a ƙauyukan Dawakin Tofa da ke kewaye da kasuwar, a zauren samari, a ɗakin amarya, a bakin shagon mai caji. Mafi yawan masu kallon nan ba su taɓa sa ƙafa a gidan sinima ba, amma cikin mako guda suna kallon abin da kakanninsu ba su kalla ba tsawon rayuwarsu.

A Turai da Amurka an daɗe ana jayayya a kan wannan sauyi. Kamfanin Netflix, wanda ya faro da aika wa mutane faifan fim ta gidan waya, ya soma haska fina-finai ta intanet a 2007, kuma daga 2013 ya shiga shirya nasa na kansa gadan-gadan. Masu gidajen sinima suka ga kasuwarsu na zamewa. A 2018 bikin fina-finai na Cannes a Faransa ya rufe ƙofar gasarsa ga duk fim ɗin da ba za a nuna a sinimomin ƙasar ba, amma zuwa 2022 fim ɗin da manhajar Apple ta haska, CODA, shi ya lashe babbar kyautar Oscar. Jayayyarsu ta ciniki ce da martabar sana'a. Tamu ta fi tasu nauyi, domin mu mun taɓa yin faɗa da sinima da sunan addini, kuma muna ganin kamar mun yi nasara.

An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, inda baƙi suke. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya ta halaka mutane sama da 300, jama'a da dama suka ɗauki abin a matsayin aya. Da aka gina sinimar Palace a cikin birni a daidai wannan zamani, malamai da mutanen unguwa sun yi adawa da ita ƙwarai. Mai mutunci ba ya son a gan shi a bakin sinima, mace kuwa idan ta shiga ta rasa suna. Bayan an dawo da Shari'a a 2000 gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim da gidajen nuna shi, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. A 2016 kuma, da Gwamnatin Tarayya ta zo da shirin gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, hudubobin Juma'a suka yi ca, aka janye shirin.

Ba mu ga laifin magabatanmu ba. Sun yi aiki da wata ƙa'ida sananniya a mazhabar Imamu Malik, wato toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku, kuma abin da suka gani a sinimar zamaninsu ya isa dalili: cakuɗuwar maza da mata cikin duhu, shaye-shaye a bakin ƙofa, da tozarta lokutan salla. Sai dai akwai abin da ba mu lura da shi ba sai da ya wuce. Sinima, duk da aibinta, tana da ƙofa, tana da lokacin buɗewa da na tashi, tana da mai karɓar tikiti. Uba yana iya sanin ɗansa ya je, maƙwabci yana iya ganinsa a layi ya kai rahoto, kunya tana aiki. Ko gidan kallon ƙauye mai janareto da benci, ana sanin wanda ya shiga da abin da aka saka. Wayar hannu ta share duk wannan. Yarinyar da ba a bari ta leƙa ƙofar gida bayan magariba tana da sinima a ƙarƙashin matashinta.

Masana'antar Kannywood kanta ba a sinima ta girma ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, kaset da faifan CD ne suka riƙe ta, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ke saye su rarraba har Maraɗi da Damagaram da Agadas. A wancan tsari mai gida ne ke sayo fim da kuɗinsa ya kawo, a saka a talabijin ɗaya, kowa ya kalla tare. Idan abin bai yi masa ba, gobe ba zai sayi na wannan kamfani ba. Satar fasaha da yaɗuwar manyan wayoyi suka durƙusar da kasuwar faifai. An gwada komawa nuna fim a sinima, musamman bayan buɗe ta rukunin shagunan Ado Bayero, amma kuɗin tikiti da na mota daga Dawanau ba na ɗan dako ba ne, annobar korona ta 2020 kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Daga nan masu shiri suka karkata ga fina-finai masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta riga ta nuna hanya da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sai Labarina da Izzar So suka fito a 2020 suka tabbatar wa kowa cewa YouTube ce sabuwar kasuwa.

Manyan manhajojin duniya ba su zo ceton Hausa ba, kuma bai kamata mu yi ta jiran tsammani ba. Netflix ya iso Najeriya a 2016, ya zuba kuɗi a fina-finan Legas irin su Anikulapo. Da aka tashi ba da labarin Sarauniya Amina ta Zazzau a manhajar a 2021, da Turanci aka yi shi. A farkon 2024 Prime Video na kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka. Lissafinsu a fili yake: suna bin wanda ke da katin banki yana biyan kuɗin wata. Akwai manhajoji na gida da aka kafa don Hausa, kamar Northflix da ta Arewa24, waɗanda ake biya kafin a kalla, amma mu nawa ne muke biya? Mafi yawanmu YouTube muke buɗewa, ko mu miƙa wa mai turin fim memori da 'yan canji ya cika mana.

A nan gizo ke saƙar. Mai shirya fim a YouTube ba daga hannun mai kallo yake samun kuɗi ba, daga talla yake samu. Kamfanin yana ba shi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka saka a bidiyonsa, kuma tallar tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka zauna. Manhajar kanta tana tura wa mutane abin da ta lissafa zai fi riƙe su, ba ruwanta da halal ko haram, ba ta ma san su ba. Saboda haka labarin da zai ƙare cikin awa biyu sai a ja shi shekara uku. Kowane kashi sai ya ƙare a kan mari, ko saki, ko asirin da aka bankaɗo. Hoton da za a liƙa a fuskar bidiyo sai ya zama na mace tana kuka ko kishiyoyi sun cakumi juna. Ba mugunta ce ke sa masu shirin yin haka ba. Akwai masu kishin addini a cikinsu, kuma wasu fina-finan suna ɗauke da nasiha ta gaske. Amma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar taken da za a kaɗa, kuma a wannan kasuwa mai biyan ba mu ba ne. Mu ne hajar da ake sayar wa masu talla, da idanunmu da sa'o'inmu.

Kuma kallon da muke kira kyauta ba kyauta ba ne. Muna sayen data, wadda aka ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, muna biyan mai caji, muna biyan mai turi. Kowa a layin yana cin rabonsa ban da marubucin labarin da 'yan wasan da suka sha rana.

Hukumar Tace Fina-finai tana iya ƙoƙarinta. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Muna goyon bayan a bi doka. Amma ikon hukumar bai wuce iyakar Jihar Kano ba. Mai shiri yana iya kwashe kayansa ya koma Kaduna ko Jos ko Abuja, ya ɗora aikinsa, yaron Dawanau ya kalla a daren nan. Fina-finan Indiya da na Turkiyya da na Koriya da ake fassarawa da Hausa kuwa, da guntayen bidiyon TikTok, sun fi ƙarfin teburin kowace hukuma. Idan muka matsa wa ɗan gida shi kaɗai har ya bar sana'ar, gurbinsa ba zai zauna fayau ba, baƙo ne zai cike shi, wanda bai san kunyar suruki ba balle hukuncin idda.

Mun san akwai malamai masu daraja da ke ganin wasan kwaikwayo gaba ɗayansa bai halatta ba, akwai kuma waɗanda suka halatta shi da sharuɗɗa. Ba wannan shafi ne zai raba wannan gardama ba. Amma ko wanda ya haramta ya san cewa fatawarsa ba ta kashe wayar da ke hannun 'yarsa ba. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa, Suratut Tahrim kuma ta ɗora wa mumini nauyin tsare kansa da iyalinsa. Wannan nauyi ba a miƙa shi ga gwamnati ba, kuma ba ya sauka don an yi huduba mai zafi an watse.

Abin da muke gani shi ne, ƙofar da aka rasa dole a sake kafa ta a cikin gida, kuma ba da ƙwace waya kaɗai ba, domin wanda aka ƙwace wa zai ara. Gara a mayar da kallo fili. Idan za a kalli wani shiri, a kalle shi tare, a tsakar gida, a lokacin da bai ci salla ko haddar safe ba, uwa da uba suna ji suna tsoma baki. Yaron da ya ji mahaifinsa ya ce wannan sakin da aka yi a fim ba haka Shari'a ta tsara shi ba, ya koyi fiƙihu a inda bai zata ba. Ɗaliban Islamiyya da na jami'a su ma su yi wa kansu hisabi da agogo: kashi ɗaya na awa guda, shirye-shirye huɗu a mako, sun haura awa 200 a shekara, lokacin da ya ishi mai himma ya sauke littafi a gaban malami.

Sai batun kuɗi, wanda mun fi jin nauyin faɗa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da Shari'a ke karewa, bai halatta a keta shi ba. Mutumin da ba zai ɗebi mudun gero daga buhun wani a Dawanau ba, shi ne zai karɓi fim ɗin da aka sato daga manhajar biya ya tura wa mutum goma, zuciyarsa ko ɗar. Sannan ya juyo yana zagin 'yan fim cewa sun lalace. Idan muna son labari mai tsafta, wanda ba ya buƙatar tsiraici ko hayaniya kafin ya mayar da jarinsa, sai mun yarda mu biya shi kai-tsaye, kamar yadda muke biyan kuɗin makaranta da na littafi.

Attajiranmu ma suna da rabo a nan. Ana hada-hadar maƙudan kuɗi a Dawanau, ana loda kaya zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, ana fitar da riɗi da zoɓo har ƙetaren teku. Daga wannan dukiya an gina masallatai da makarantu, Allah Ya saka. Amma da wuya ka ji wanda ya ware wani abu don a rubuta labari mai kyau, malami ya duba shi, ƙwararru su shirya shi. Tarihin Nana Asma'u da 'yan taru yana nan, da na Muhammadu Rumfa da zuwan Shehu Magili Kano, da na fataken goro da suka bi hanyar Gwanja, da na mahajjatan da suka taka a ƙasa ta Chadi da Sudan. Ga kuma labarin manomin da ya ci bashi da damina ya biya da rabin amfaninsa da kaka, wanda kowane gida a ƙauyukanmu ya san shi. Fim ɗin Mai Martaba, da aka yi da Hausa, shi Najeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar a 2024, abin da ke nuna harshen da ƙwarewar ba su gaza ba.

Masu shirin da suka rage a Kano, waɗanda ke kai aikinsu a tace, suke sallar Juma'a a sahu ɗaya da mu, su ne kaɗai a wannan kasuwa da malaminmu zai iya kira ya yi wa gyara su ji. Kungiyoyin 'yan kasuwar Dawanau da majalisun malamai suna iya zama da su a kan shiri ɗaya tak na gwaji: a biya kuɗinsa tun kafin a kunna kyamara, a ƙayyade yawan kashinsa, a saka shi a manhajar gida a farashin da ɗan dako zai iya biya daga ladan buhu biyu.